Ɗamarar bakwai: yadda kowace ƙasa ke koya wa hannun yaro alƙaluma

Ran Larabar da ta wuce 'yar ƙanwata ta dawo daga makaranta idanunta jawur, ta yar da kaye, wato littafin rubutunta, a kan tabarma ta shige ɗaki. Shekarunta takwas. A Maiduguri ta fara karatu, sai bara da iyayenta suka tattaro suka dawo nan Kusiri, a arewacin Kamaru, aka sa ta makarantar Faransanci. Na ɗauki kayen na buɗe shafin lissafi, na tarar jan biro ya zagaye amsa huɗu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ban ga inda ta kuskure ba. An ce ta haɗa tara da takwas, ta rubuta goma sha bakwai. Sai dai ɗayarta sanda ce miƙaƙƙiya, bakwai ɗinta kuma ba ta da ɗan layin nan da muke gittawa a tsakiya, wanda ni nake ce wa ɗamara. Malaminta ya saba da hannun Faransa, saboda haka goma sha ɗaya idonsa ya nuna masa.

Na kira ta na tambaye ta. Ta ce, "Kawu, wallahi haka aka koya mana a can." Gaskiya ta faɗa. Shi ma malamin abin da aka koya masa ya bi, kuma mai duba kayen aji guda cike maƙil da yara ba shi da lokacin tsayawa ya yi wa kowace bakwai tambaya. Abin ya tsaya mini a rai, domin ni mai riƙe littafin shago ne, kullum takardun mutane ke wucewa ta hannuna: na Njamena, na Gamboru, na Marwa, na Duwala. Na daɗe ina gane garin da takarda ta fito daga yadda aka ja ɗaya da bakwai, tun kafin in karanta sunan mai ita.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne ɗaya da bakwai tare suke tafiya, ba a gyara ɗaya a bar ɗaya. A Faransa, da Jamus, da yawancin ƙasashen Turai, ana koya wa yaro ya fara ɗaya da wani layi mai hawa a karkace, in ya kai sama ya sauko a miƙe. Wasu suna tsawaita wannan layin har ya kusa taɓa ƙasa, ɗayar ta koma kamar jinkar ɗaki. To ɗaya mai irin wannan baki ta yi kama da bakwai ƙwarai, shi ya sa dole aka ɗaura wa bakwai ɗamara don a raba su. A Ingila da Amurka, da ƙasashen da suka gaji makarantar Ingila kamar Najeriya da Gana, ɗaya sanda ce kawai. Tunda ba ta da baki, ba abin da zai rikita ta da bakwai, sai aka bar bakwai haka nan. Kowane tsari a cikin gidansa lafiya lau yake. Rikici na tasowa ne sa'ad da takardar wannan ta faɗa hannun wancan: mai idon Faransa ya karanta bakwan Najeriya ya ce ɗaya ce, mai idon Najeriya ya karanta ɗayar Faransa ya ce bakwai ce. Mafi muni kuma shi ne yaron da ya tsinci rabi nan rabi can, yana ja ɗaya mai baki da bakwai marar ɗamara. Wannan kam ko shi kansa in ya kwana biyu ba zai rantse a kan abin da ya rubuta ba.

Tara ma tana da nata bambancin. A hannun Faransa jelarta lanƙwasawa take ta koma hagu, a hannun Amurka kuwa da'ira ce da sanda a gefenta. In mai sandar ya yi gaggawa bai rufe da'irar ba, ta zama huɗu.

Duk wanda ya yi makarantar Faransanci ya san irin kayen da muke amfani da shi, mai manyan layuka da ƙanana a tsakaninsu. Wani mai sayar da littattafai da takardu a garin Pontoise kusa da Paris, Jean-Alexandre Seyès, shi ya fito da wannan zanen a 1892, kuma har yau da sunansa ake kiransa. Tsakanin babban layi da babban layi milimita 8 ne, an raba shi gida huɗu, kowane gida milimita 2. Wannan zane shi ne malamin farko na hannun yaro. Ƙaramin harafi irin "a" gida ɗaya yake ci, "t" da "d" gida biyu, "l" da "b" gida uku. Alƙaluma kuwa gida biyu ne, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa in ka ga rubutun wanda ya tashi a Garwa da wanda ya tashi a Yamai da wanda ya tashi a Dakar, za ka rantse uwa ɗaya ta haife su. Ga kuma ƙaramin allo da alli. Malam ya faɗi lamba, kowa ya sunkuya ya rubuta, ya buga tebur da sanda, alluna su tashi sama gaba ɗaya, ya kalle su da ido ɗaya ya ga wanda ya karkace. Wannan dabarar ana kiranta da sunan makarantar La Martinière da ke birnin Liyon, kuma har gobe ita ce makamin malamin da yara suka yi masa yawa. Na tuna yadda muke goge allon da ɗan tsumma mai ruwa, da yadda marigayi malaminmu na ajin farko yake kama hannun yaro a cikin nasa ya ja takwas tare da shi, yana cewa kada a ɗaga alli sai an dawo inda aka tashi.

A ɓangaren Ingilishi ba a tsananta haka. Akwai littattafan koyon rubutu masu layi huɗu, akwai na lissafi masu ƙananan murabba'ai inda kowace lamba ke zama a ɗakinta, amma babu zane guda da kowa ya rataya a kansa. Amurka ma kamfanonin buga littattafai ne ke fitar da salo, kamar Zaner-Bloser da D'Nealian, kowace makaranta ko gunduma ta zaɓi wanda ta ga dama. Ni a ganina hanyar Faransa ta fi fitar da hannu mai tsabta, ba na ɓoye wannan. Illarta ita ce tana sa malami ya ɗauka duk abin da ya saɓa wa layin Seyès kuskure ne, alhali wani lokaci baƙunta ce kawai.

Kuma Kamaru ba ƙasar da za a yi wa baƙon hannu haka ba ce. Tun da ɓangaren da Ingila ta riƙe ya haɗu da wanda Faransa ta riƙe a 1961 muke da makaranta iri biyu, dokar ilimi ta 1998 kuma ta tabbatar da su a matsayin tsari biyu a ƙasa ɗaya. Yaron Bamenda da yaron Marwa 'yan ƙasa ɗaya ne, kuɗi ɗaya suke kashewa, amma bakwai ɗinsu ba ɗaya ba ce. Yanzu ga makarantu masu harshe biyu sun yawaita har nan arewa, inda yaro zai iya ganin hannu biyu a kan allo ɗaya tsakanin safe da azahar.

Mu a nan akwai hannu na uku, wanda ya riga waɗannan biyun zuwa. Da yamma yarinyar nan takan ɗauki jakarta ta tafi Islamiyya. A can, lambar shafi da lambar aya a Alƙur'anin da aka bugo daga Madina ko Masar da wasu alƙaluma ne: ٠ ١ ٢ ٣ ٤ ٥ ٦ ٧ ٨ ٩. In ka tsallaka gadar Ngeli ka shiga Njamena, inda Larabci da Faransanci duka harsunan gwamnati ne, za ka ci karo da su a littattafan da ke zuwa daga Sudan da Masar da Saudiyya, da hannun waɗanda suka yi karatu a can. Ka dube su da idon yaro ɗan shekara shida. Biyar ɗin Larabci, ٥, da'ira ce, wato sifirin boko. Sifirin Larabci ɗigo ne. Shidan Larabci, ٦, ita ce bakwan Najeriya sak. Huɗun Larabci, ٤, uku ce da ta juya baya. Bakwai da takwas, ٧ da ٨, abu ɗaya ne, wannan ta buɗe baki sama, waccan ta kife. Saboda haka alama guda, layi a kwance da layi mai saukowa, tana iya zama ɗaya da safe, shida da yamma, bakwai kuma a wasiƙar da kakar yarinyar nan ta aiko daga Maiduguri. Ga shi kuma rubutun Larabci daga dama yake tashi, amma lamba a cikinsa babban gida a hagu yake zama, kamar dai a boko. Yaron da ke ɗauke da wannan kaya duka a kansa, in ya yi tuntuɓe sau ɗaya, bai cancanci a ce masa daƙiƙi ba.

Abin mamaki, duka gida ɗaya suka fito. A Indiya aka ƙirƙiro wannan lissafi na alama tara da sifiri. Ya shigo Bagadaza, inda Alkhawarizmi ya rubuta littafi a kansa wajen shekara ta 825, har yau kuma Larabawan gabas "alƙaluman Indiya" suke ce wa nasu. Daga nan hanya ta rabu biyu. Gabas ta riƙe siffar da muke gani a Alƙur'ani, Magrib da Andalus suka fitar da tasu, wadda ake kira ta ƙura, saboda a kan allon da aka barbaɗa wa ƙura ake yin lissafin. Wannan ta yamma ita ta shiga Turai: an same ta a wani littafin hannu na ƙasar Sifen na shekara ta 976, sannan Fibonacci, wanda ya koyi lissafi a garin Bijaya na Aljeriya inda mahaifinsa ke aiki, ya yaɗa ta da littafinsa na 1202. Shi ya sa har yau Maroko da Aljeriya da Tunisiya, duk da Larabcinsu, 1 2 3 suke rubutawa. Ina faɗin wannan ne saboda na sha jin ana cewa waɗannan "lambobin Nasara" ne waɗancan "lambobin Musulunci". Duka biyun ta hannun malaman Musulmi suka biyo. Mu ma muna da rabonmu a wannan ilimi: Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan yadda ake jera lambobi a hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya.

Siffar alƙalami ma da sauƙi a kan maganar waƙafi da ɗigo, domin nan ne kuɗi da magani suke shigowa. A makarantar Faransanci, waƙafi shi ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta: biyu da rabi 2,5 ne. Dubbai kuwa da ɗan fili ake raba su, ko da ɗigo a tsohuwar al'ada, shi ya sa muke ganin 1 500 ko 1.500 a jikin kaya. A Najeriya akasin haka ne: biyu da rabi 2.5, dubu da ɗari biyar 1,500. Wato abin da ɗan Gamboru ya rubuta yana nufin dubu da ɗari biyar, ɗan Kusiri zai iya karanta shi ɗaya da rabi. A ciniki hankali kan gyara, don ba wanda zai yarda buhun shinkafa sefa ɗaya da rabi ne. A takardar magani hankali ba ya gyarawa. Uwa ba ta da hanyar sanin ko 2,5 ake nufi ko 25 in waƙafin ya ɓace, ko 215 in an ja shi da tsawo har ya yi kama da ɗayar sanda. Hukumar da ke tantance asibitoci a Amurka tun 2004 ta hana rubuta .5 ba sifiri a gaba, ta kuma hana 5.0 da sifiri a baya, saboda in ɗigon bai fito ba magani ya ninka sau goma. Babban taron awo da ma'auni na duniya kuma a 2003 ya amince da waƙafi da ɗigo duka biyu wajen raba ɓurɓushi, amma ya ce dubbai da fili kawai za a raba su, ba ɗigo ba waƙafi. Wannan shawarar ta dace da mu ƙwarai, mu da muke zaune a bakin iyaka, sai dai har yanzu ba ta sauko cikin littattafan shagunanmu ba.

Akwai kuma abin da kunne ke yi wa hannu. Bahaushe yana cewa saba'in da biyar, ya rubuta 75 yadda ya faɗa. Faransanci kuwa "sittin da goma sha biyar" yake cewa, tamanin "ashirin huɗu", casa'in "ashirin huɗu da goma". Yaron da malam ya yi wa shifta ya ji "soixante" ya riga ya rubuta shida, sannan ya ji ragowar ya gane bakwai ake so, sai ya hau gogewa. Wani ya rubuta 6015, wani 420 a maimakon 80. Beljiyam da Suwizalan da Kwango ta Kinshasa sun huta da rabin wannan wahala da kalmominsu na "septante" da "nonante". Larabci kuma, kamar Jamusanci, ƙaramin gida yake fara faɗa: ɗaya da ashirin. In an je kasuwar Njamena sai a tarar da wani lissafin a kai, domin da riyal ake ƙirga, kowane riyal sefa biyar, yadda Hausawan Nijar ke ƙirga da dala. Mai kaya ya ce ashirin, a takarda a rubuta 100. Duk wannan yana sauka a kan lambar waya, wadda yanzu ita ce asusun mutum: ta Kamaru alƙaluma tara, ta Chadi takwas, ta Najeriya goma sha ɗaya. An faɗa maka ita bibbiyu da Faransanci, ka rubuta a bayan kwali, yaron da ke tura kuɗi ya karanta ɗayarka a matsayin bakwai, kuɗin gumin wata guda ya tafi wayar wanda ba ka taɓa gani ba. Ya taɓa faruwa da ni, kuma ban ga kuɗin ba har yau.

Sauran duniya ma kowa da nasa. A Japan da Koriya ana yi wa bakwai ɗan ƙugiya a gefen hagu a maimakon ɗamara. Yaran Sin suna koyon 1 2 3 a cikin murabba'ai, suna kuma koyon nasu na gargajiya, inda ɗaya layi ɗaya ce, biyu layi biyu, uku layi uku. Da yake ƙara layi ɗaya ya isa ya mayar da ɗaya biyu, suna da wasu alamu masu wuyar zane da ake amfani da su a takardun banki don kada a yi musu ƙari. Dalili ɗaya ne da ya sa a ƙasan rasit na Faransanci ake sake rubuta jimla da kalmomi. Indiya kuwa, uwar abin, kusan kowane babban harshe da nasa alƙaluman, har huɗun Bengali, ৪, ta zama takwas a idonmu. Tsarin mulkinsu sai ya zaɓi 1 2 3 don aikin gwamnatin tarayya, ya kira su siffar duniya ta alƙaluman Indiya.

Wani abin da iyaye ke tayar da hankali a kansa shi ne yaro ya rubuta uku ko bakwai a juye, kamar a madubi. Wannan a shekara biyar zuwa shida abu ne da aka saba gani a ko'ina, kuma yakan wuce da kansa. Wani mai bincike a Faransa, Jean-Paul Fischer, ya nuna cewa alƙaluman da ke fuskantar hagu, irin su 1, 2, 3, 7 da 9, su yara suka fi juyawa, domin yaro ya riƙe siffar amma bai riƙe inda ta dosa ba, sai ya juya ta ta bi hanyar da rubutu ke tafiya. Yaronmu da ke rubutu daga hagu da safe, daga dama da yamma, ya fi kowa uzuri. Bulala ba ta koya wa hannu alƙibla. Abin da ke koyarwa shi ne a nuna masa inda ake sa alli da farko da inda ake ɗagawa, ya ja a ƙasa da yatsa, ya ja a iska, ya ja a allo, har hannun ya riƙe.

Ni abin da nake roƙon malamanmu, na boko da na Islamiyya, bai da tsada. A koya wa yaro hannu ɗaya ya ƙware a kansa, wanda makarantarsa ke bi, kada a bar shi ya gauraya. Amma a koya masa karanta duka ukun. Takarda ɗaya a jikin bango ta isa: layi uku, sifiri zuwa tara, hannun Faransa, hannun Ingilishi, hannun Larabci, da jan zagaye a kan waɗanda ke rikitarwa. In baƙon yaro ya shigo aji daga wata ƙasa, kafin a taɓa jan biro a ce ya rubuta sifiri zuwa tara a saman shafi, minti ɗaya ne, malam ya san hannun da yake karantawa. In kuma yaro ya samu amsa daidai da siffar da ba ta gida ba, a ba shi makinsa na lissafi, a gyara masa rubutu daban. Haɗa su wuri ɗaya shi ke sa yarinyar da ta iya lissafi ta fara cewa ba ta iya ba, kuma wannan tabo yakan daɗe fiye da yadda muke zato. In da ni za a tambaya wace siffa ta fi aminci a takardar kuɗi a garin iyaka irin namu, zan ce ɗayar sanda da bakwai mai ɗamara: mai idon Faransa ba zai ɓata ba, mai idon Najeriya ba zai ɓata ba, mai idon Larabci ma ɗamarar za ta hana shi cewa shida ce. Haka nake rubutawa a littafin shago.

Washegari na raka ta makarantar, na jira aka tashi hutun rabin rana na sami malamin. Na ce, "Malam, don Allah a sake duba mana wannan shafin." Na nuna masa tsohon littafinta na Maiduguri, inda malamarta ta can ta ja bakwai iri ɗaya da tata ta kuma sa mata alamar daidai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki biro ya gyara makin, ya kira ta ya zaunar da ita kusa da shi, ya ja mata bakwai uku a kan layi, gida bibbiyu, kowace da ɗamararta, ya ce ta cika layin.